Ferayit daga baƙin yashin Filato: kundin aikina

11 ga Nuwamba, 2024

Aikin da na sa a gaba shi ne in haɗa ferayit na nikel da zink da hannuna a nan Jos, in auna yadda ƙarfin maganaɗisunsa ke sauyawa idan ana rage nikel ana ƙara zink. Jeri biyu zan yi. Na farko da garin hematayit, wato jar tsatsar ƙarfe, na kwalba wanda kamfani ya tace. Na biyu da ƙarfen da zan ciro daga baƙin yashin da masu wankin kuza ke zubarwa. Tambayar da malamina ya ɗora mini gajeriya ce: yashin nan namu zai iya tsayawa a madadin na kwalba ko ba zai iya ba?

Kowa ya taɓa riƙe ferayit, ko da bai san sunansa ba. Shi ne baƙin zoben da ke bayan lasifika, shi ne sandan da aka naɗe da waya a cikin rediyo, shi ne ɗan kumburin da ke jikin igiyar cajar kwamfuta. Dangin tangaran ne, tsatsar ƙarfe ce aka gauraya da oksayid na wani ƙarfen aka gasa da wuta mai tsanani. Yogoro Kato da Takeshi Takei ne suka fara haɗa shi a Tokyo a 1930, aka kafa kamfanin TDK a 1935 don a riƙa ƙera shi, daga baya kuma J. L. Snoek da abokan aikinsa na kamfanin Philips a Holan suka inganta shi a shekarun 1940.

Abin da ya ba shi daraja shi ne yana ɗaukar maganaɗisu amma yana hana lantarki ratsa jikinsa. Idan aka sa zallar ƙarfe a tsakiyar naɗin waya aka ba shi wuta mai saurin juyawa, lantarki zai yi ta zagaye a cikin ƙarfen, ya ɗauki zafi, wuta ta tafi a banza. Ferayit na nikel da zink ya fi zallar ƙarfe toshe hanyar lantarki ninkin biliyoyi, shi ya sa yake aiki cikin sanyi a mitar rediyo.

Haɗin da zan bi shi ne Ni(1-x)Zn(x)Fe2O4, x kuma, wato kason nikel ɗin da zink ya maye, zai kasance 0, 0.2, 0.35, 0.5, 0.7 da 1. Duk digirin zafin da zan ambata a kundin nan na Salshiyos ne.

23 ga Nuwamba

Na samo yashi daga wajen masu tace kuza a gefen Bukuru. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a Filato, a shekarun 1950 ma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombayit, don haka ragowar wanki tuli-tuli take, kuma ba iri ɗaya ba ce. A cikin abin da ido ke gani baƙi ƙirin akwai magnetayit, da ilmenayit, da kolombayit, da zirkon, da monazayit. Injinsu ma da maganaɗisu yake rarrabewa: su fara cire mai saurin kamuwa da ƙaramin ƙarfi, sannan su ƙara wuta don ilmenayit da kolombayit. Na farkon nan, wanda su ke ɗauka datti ne mai toshe musu inji, shi nake nema.

Dattijon da ke kula da wurin ya dube ni da na faɗi buƙatata, ya ce, "Malam, wannan ai shara ce, ɗebi iya ɗaukarka. Sai dai kada ka kwana da waccan a ɗaki." Ya nuna wani tuli mai ɗan ja-ja a can gefe. Gaskiyarsa. Monazayit na ɗauke da toriyom mai fitar da tururin nukiliya, kuma raina ya sosu da na ga yara suna wasa dab da tulin. Na auna nawa buhun da mitar sashenmu kafin in shigar da shi ɗakin gwaji, bayan tacewa ma na sake aunawa, bai wuce abin da mitar ke nunawa a fili ba.

Tacewar ba wuya. Na sa maganaɗisun lasifika a cikin leda, na riƙa shawagi da shi ɗan nesa da yashin da na baza a faranti, yadda mai ƙarfin kamuwa kaɗai zai yi tsalle ya manne. In na zare maganaɗisun daga ledar sai ya zube a kwano. Na maimaita a cikin ruwa don laka ta fita.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma na daɗe ina kallo. Yawancin tsabar ruwa ya riga ya goge musu kusurwa, amma jefi-jefi akwai wadda ta tsira da siffarta: fuska takwas, kowace mai kusurwa uku, tsini sama tsini ƙasa, tana ƙyalli. Kiristal ɗin magnetayit ke nan, Fe3O4, ferayit ɗin da Allah ya halitta tun kafin a san Tokyo. Da na matso da allurar da na goga a maganaɗisu sai tsabar suka miƙe suka kama juna, suka yi sarƙa. Na ware masu kyawun siffa a 'yar kwalba, zan buƙace su nan gaba.

7 ga Disamba

Wata ɗaliba 'yar aji huɗu da aka haɗa ni da ita don ta taya ni ta yi tambayar da ta dace: "Malam, zink ai ba ya kama maganaɗisu. To don me za mu zuba shi, ba rage ƙarfin zai yi ba?" Amsar ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, bari in rubuta ta a nan yadda na yi mata bayani a allo.

Ginin kiristal ɗin sunansa sifinel, W. H. Bragg da Shoji Nishikawa ne suka gano tsarinsa a 1915, kowa a nasa ɓangaren. A kowane ɗaki guda na ginin akwai atam 32 na oksijin a jere, ƙarafa kuma suna zaune a ramukan da ke tsakaninsu. Ramukan iri biyu ne. Gurbin A yana da maƙwabtan oksijin huɗu, guda 8 ne ke cike. Gurbin B yana da maƙwabta shida, guda 16 ne ke cike. Kowane ayon na ƙarfe, wato atam mai ɗauke da cajin lantarki, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, muna zana shi da kibiya. Abin da Louis Néel ya bayyana a 1948, wanda yana cikin aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1970, shi ne kibiyoyin A da na B ba gefe ɗaya suke kallo ba. Oksijin ɗin da ke tsakaninsu yana tilasta musu juya wa juna baya. Ƙarfin da muke ji a hannu rara ce kawai, abin da B ya fi A da shi.

Kamar jan igiya ne tsakanin unguwa biyu. Ƙarfe mai caji uku yana ja da magneton 5 (magneton shi ne ma'aunin ƙarfin kibiyar), nikel da 2, zink da sifili. A zallar ferayit na nikel, ƙarfe ɗaya na zaune a A, ɗaya a B tare da nikel. Ƙarafan biyu sun cinye juna, biyar ta kashe biyar, saura 2 na nikel. Shi kuwa zink ba ya son zama ko'ina sai gurbin A. Da ya shiga sai ya kori ƙarfen da ke wurin, ƙarfen ya tsallaka B. Wato an cire wa ɓangaren A majayi an ajiye musu wanda ba ya ja, majayin kuma ya koma wa abokan hamayya. In aka yi lissafi rarar ta zama 2 + 8x. A x = 0.5 ke nan 6, ninki uku na inda aka fara, da taimakon abin da shi kansa ba shi da maganaɗisu ko kaɗan.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To a cika zink ɗin mana, mu sami 10." A nan lissafin ke karyewa. Ƙarfen da ke A shi ne ke riƙe da na B a layi ɗaya. In ya yi ƙaranci, na B sai su fara sauraron junansu, su kuma tsakaninsu saɓani suke so, sai kibiyoyin su karkace. Yafet da Kittel sun yi bayanin wannan karkacewa a 1952. Zallar ferayit na zink ba ya kama maganaɗisu a zafin ɗaki sam, sai an sanyaya shi zuwa wajen digiri 263 ƙasa da sifili kafin kibiyoyinsa su jeru, kuma ko a lokacin cinye juna suke yi. Saboda haka dole akwai ƙololuwa a wani wuri a tsakiya. Ina so mu gan ta da idonmu.

19 ga Disamba

Kafin yashi ya shiga haɗi sai an mai da shi hematayit, Fe2O3, domin a san ainihin abin da ake aunawa. Na niƙa shi, na gasa a digiri 800 a buɗaɗɗen kasko. Ya shiga baƙi ya fito ja-ja mai duhu, kuma maganaɗisu ya daina ɗaga shi. Wannan kaɗai abin lura ne: ƙarfen nan dai shi ne, oksijin kaɗan ya ƙaru, zaman atam ya sauya, ƙarfin ya tafi.

Sikeli ya ba ni labarin da ban so ba. Zallar magnetayit idan ya sha oksijin nauyinsa na ƙaruwa da kashi 3.45 cikin ɗari, giram 10 ya koma 10.35. Nawa ya tsaya a 10.24. Akwai baƙo a ciki ke nan, ko kuma wani ɓangaren ya riga ya yi tsatsa tun yana ƙasa. Zargina na kan titaniyom, domin magnetayit da ilmenayit kan tsiro a cikin tsaba ɗaya, sirara-sirara, yadda maganaɗisu ba zai iya raba su ba.

Awon haɗi na giram 20 a x = 0.5: oksayid na nikel 3.14, na zink 3.42, hematayit 13.43. Niƙa a turmin agat ake yi da ɗan sifirit, awa biyu kowane haɗi, da takunkumi a fuska don ƙurar nikel na cutar da huhu. Ga sanyin hunturu, yatsu har ƙagewa suke yi a kan taɓaryar.

14 ga Janairu, 2025

Gashin farko, digiri 900, awa huɗu. Gari ya tashi daga ja zuwa ruwan ƙasa mai duhu, mai yawan zink ya fi haske. Na kusanto da maganaɗisu bayan ya huce: na x = 0.35 ya taso ya yi gashi-gashi a jikin leda, na zallar zink ko motsi bai yi ba.

Wuta ce matsalar. An ɗauke ta ana tsakiyar gashin wani kaso, ya fito da jan hematayit a cikinsa, sai da aka sake niƙawa aka mayar. Baba, wanda ya fi shekara talatin yana kula da ɗakin gwajin, ya ce, "Ɗana, tanderun nan ba ya son gaggawa kuma ba ya son a katse shi. Ku haɗa kuɗin gas, mu tada janareta ranar Asabar da babu kowa." Haka muka yi, mu uku masu buƙatar tanderun muka raba kuɗin.

1 ga Fabrairu

Injin matsa gari na sashen ya daɗe da lalacewa, don haka na nufi Dilimi. Wani mai walda ya haɗa mini firam da ƙarfen rodi da falle mai kauri, muka zaunar da jak ɗin mota a ciki, mai injin sassaƙa ƙarfe kuma ya fitar mini da mazubi mai rami a tsakiya. Da na ce masa zobba zan yi da gari sai ya ce, "Oga, in dai bai fashe ba ka kawo in gani." Na ɗiga ruwan PVA, wani irin gam, kaɗan a garin don ya kama jikinsa. Zobe na fitowa da faɗin milimita 20, ɗanye, in ka matsa shi da yatsa ya ruguje.

Gashi na biyu shi ne mai wuya: hawa a hankali, digiri 5 a minti, a ɗan tsaya wajen 500 don PVA ya ƙone ya fita, sannan a kai 1200 a zauna awa uku. A nan tsabar garin ke haɗewa su girma su zama ƙananan kiristal masu manne da juna. Zobba sun fito baƙaƙe, sun tsuke zuwa milimita 17, in ka buga biyu sai su yi ƙara siririya. Nauyinsu a kowane santimita kubik ya kai kusan 4.9, na cikakken kiristal kuwa wajen 5.3 ne, akwai sauran ramukan iska ke nan.

Zink na gudu ya bi iska a irin wannan zafi. Don in ga girman abin, na binne zobba cikin garin haɗinsu, na bar guda ɗaya a fili da gangan. Da na ɗora masa mita sai ga lantarki na ratsa fatarsa, alhali binnannun mitar ta kasa karanta komai. Inda zink ya fita, wani ƙarfen na komawa mai caji biyu, ilektiron kuma ya sami hanyar tsalle tsakanin mai biyu da mai uku a gurbin B. Dalilin da ya sa shi magnetayit, mai ɗauke da su biyun tun asali, bai dace da aikin rediyo ba ke nan.

22 ga Fabrairu

Ba mu da na'urar auna maganaɗisu ta zamani, saboda haka sikeli na mayar ma'auni. Na ɗora maganaɗisun niyodimiyom a kan dogon katako a bisa sikelin, don kada ya rikita cikinsa. Sama da shi na kafa gadar katako da ba ta taɓa sikelin, mai ɗan rami daidai kwanson kafso na magani. A kowane kwanso miligiram 50 na niƙaƙƙen zobe. Garin na jan maganaɗisun sama, sikeli ya nuna ragin nauyi. Sharaɗin shi ne samfur ya zama ƙarami kuma kusa sosai, yadda zai ƙoshi da maganaɗisu, sannan kowane kwanso ya zauna a wuri ɗaya tak. Kaurin takarda guda ma na sauya lamba.

Na ɗauki zallar ferayit na nikel a matsayin 1, wanda a littafi ƙarfin maganaɗisunsa yake wajen emu 50 a giram. Na 0.2 ya ba da 1.3. Na 0.35 ya ba da 1.5. Na 0.5 ya ɗan sauko, 1.4. Na 0.7 ya faɗo 0.8, na zallar zink kuwa da ƙyar lambar ƙarshe ta sikeli ta motsa. Ɗalibar ce ke rubutawa, tana sa ɗigo a takardar giraf, da ta sa na biyar ta ɗago kai ta ce, "Malam, ga tudun!" Gani ya kori ji.

Ƙololuwar ta zo kafin 0.5, kuma ba ta kai ninki ukun da lissafi ya yi alkawari ba. Haka ya kamata. Lissafin 2 + 8x na kibiyoyi ne da ke tsaye cak a matuƙar sanyi, mu kuwa a zafin ɗaki muke awo, inda zafi ke girgiza su, kuma ya fi girgiza masu yawan zink domin riƙonsu ya yi sako-sako.

Ina ganin ya kamata duk ɗalibin da zai yi aiki a kan ferayit ya fara da irin wannan awo kafin ya aika samfur wani gari a dawo masa da lambobi a takarda. Wanda ya ga sikeli na sauka da hawa a gabansa zai gane in aka aiko masa da lambar da ba ta yiwuwa.

Jeri na biyu, na yashi, ya bi siffar tudun amma a ƙasa: kusan kashi uku cikin huɗu na ɗan'uwansa a kowane mataki.

15 ga Maris

Azumi ya sa na mai da aiki safiya, daga bayan asuba zuwa azahar. Makon nan na zafin Curie ne, wato zafin da in an kai shi jeruwar kibiyoyi ke wargajewa, abu ya daina kama maganaɗisu.

Na naɗa wa kowane zobe waya zagaye 20 na auna indoktans, wato yawan maganaɗisun da naɗin ke tarawa idan an ba shi wuta. Da girman zobbana, in babu komai a cikin naɗin sai iska za a sami kusan maikurohenri 0.28. Zoben nikel zalla ya ba da wajen 3, na 0.5 ya ba da 42, na 0.7 ya haura 150. Wato na 0.5 ya ninka aikin naɗin sau 150, na 0.7 kuma fiye da sau 500, duk da cewa a awon sikeli shi ne mai rauni. Abu biyu ne daban: yawan maganaɗisun da abu zai iya ɗauka, da sauƙin juya shi. Kowane kiristal yana da hanyar da kibiyoyinsa suka fi son kwantawa, a ferayit na nikel daga kusurwar ɗaki zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ciki, zink kuma yana sassauta wannan naci. Amma Snoek ya nuna cewa akwai farashi: gwargwadon sauƙin juyawa, gwargwadon ƙanƙantar mitar da ferayit zai iya bi. Shi ya sa masu ƙera na babbar mita ke rage zink.

Na tsoma zoben 0.7 a man gyaɗa a kan rishon lantarki, tamokofil, wayar auna zafi, na manne da shi. Lamba ta riƙa hawa a hankali, 160, 180, ta haura 200 wajen digiri 78, sannan cikin 'yan digiri kaɗan ta rikito ƙasa warwas. Wannan hawan kafin faɗuwa John Hopkinson ya fara ganinsa a ƙarfe a 1889: dab da Curie nacin kiristal na mutuwa kafin maganaɗisun kansa, sai juyawa ta yi sauƙi matuƙa na ɗan lokaci. Na sa zafin Curie na wannan zobe a 85. Na 0.5 ya fi ƙarfin mai da fentin waya, sai da na zura tsirarar waya a rigar zaren gilashi na sa a ƙaramin tanderu, ya faɗi wajen 255. Na zallar nikel, wanda littafi ya ba 585, yana jiran waya mai jure wuta.

Baba ya ce a nuna wa 'yan aji ɗaya. Ruwa a Jos na tafasa wajen digiri 96 saboda tsayin garin, mita 1,200 da wani abu sama da teku, kuma hakan ya wuce 85. Na manna gutsuren 0.7 a ƙasan maganaɗisun lasifika na ɗaura zare, na saukar cikin bika mai tafasasshen ruwa. Ya ɗan jima a manne, sai ya saki ya faɗa gindin bikar. Muka tsamo shi da cokali muka jefa a ruwan sanyi, ya sake cafke maganaɗisun. Wani yaro a baya ya tambaya me ya sa na lasifikar bai mutu ba. Shi ferayit ne na bariyom ko sitirontiyom, gininsa mai kusurwa shida ne, zafin Curie ɗinsa wajen 450, kuma nacinsa ga hanya ɗaya ya yi tsananin da in an ɗora masa maganaɗisu ba ya saki.

12 ga Afrilu

Sakamakon hoton X-ray, mai nuna tsarin ginin kiristal, ya dawo daga Kaduna bayan Sallah. Jerin kwalba sifinel ne tsantsa. Babban tsinin giraf ɗin na nan kusa da kusurwar digiri 35.7 ga zallar nikel, yana matsawa hagu kaɗan-kaɗan har wajen 35.3 ga zallar zink, domin ayon na zink ya fi girma, ɗakin kiristal na buɗewa daga angistirom 8.34 zuwa 8.44. Babu alamar hematayit a 33.2. Matsawar nan a jere ita ce shaidar cewa zink ya shiga cikin ginin, bai tsaya a gefe ba.

Jerin yashi ma sifinel ne, amma da ƙananan tsinin baƙi. Awon sinadarai ya tabbatar da zargina: oksayid na titaniyom kusan kashi 6 cikin ɗari, silika wajen 2. Illar biyu ce. Duk giram 13.43 da na auna a matsayin hematayit bai cika ƙarfe ba, don haka haɗin ya karkace. Sannan titaniyom mai caji huɗu ba shi da kibiya, kuma gurbin B ya fi so. Zink ya zauna a A ya ƙara ƙarfi, titaniyom ya zauna a B ya rage, alhali dukansu biyu sifili ne.

Na kai wa malamina takardun, na ce, "Ranka ya daɗe, yashin ya ba da ferayit, amma bai kai ba." Ya duba giraf ɗin ya ce amsar rabi ce, sai na nuna ko laifin yashin ne ko na tacewa.

3 ga Mayu

Ruwan sama ya sauka sosai, gari na shan danshi, yanzu sai na busar da komai a digiri 110 kafin awo.

Hanya biyu nake bi da yashin. Kaso ɗaya na niƙa shi lukui ina tacewa da maganaɗisu a cikin ruwa, ko siraran ilmenayit za su rabu. Ɗaya kuma na narkar a asid na haidirokulorik, na tace abin da ya ƙi narkewa, na saukar da ƙarfen da ruwan amoniya. Jan garin da ya fito ya fi na farko haske nesa ba kusa ba, yana jiran awo. Ta biyun ta fi tsada, kuma in sai da asid mai yawa yashin zai yi amfani, dole a sa wannan a lissafi. Masana'antun ferayit da yawa daga ruwan asid ɗin wanke ƙarfe a kamfanonin mulmula suke samun hematayit ɗinsu, a matsayin rarar aiki, da su za a gwada farashi. Na kuma karɓo ɓawon ƙarfen da ke zuba a gindin uwar maƙera don ya zama jeri na uku, tunda shi babu titaniyom mai yawa a cikinsa.

Batun kiristal guda ɗaya babba, wanda da shi ne kaɗai za a auna bambancin hanya da hanya kai tsaye, na jingine shi. Ana shuka na nikel a narkakken boraks, amma yana buƙatar kaskon filatinom da sanyaya tanderu digiri biyu ko uku a awa na kwanaki ba tare da wuta ta ƙifta ba. A madadinsa zan yi amfani da tsabar magnetayit masu fuska takwas da na ware a Nuwamba. Mafi girmansu ta kusa milimita 2. Zan manna ta a bakin siririn zaren gilashi, in rataye tsakanin maganaɗisu biyu, in ga ko za ta juyo da fuska ko da tsini. In littafi ya yi daidai, fuska za ta bayar, domin hanyar da magnetayit ya fi so ta ratsa tsakiyar fuskokin ne. Baba ya ce yana da tsohon akwatin gilashi na sikeli da zai tare iska. Gashin zobban yashin da aka wanke da asid kuma ranar Asabar mai zuwa ne, in an sami gas.